Hannun Hagu Sittin

Tsakanin ƙarfe biyu da uku na rana teburin yanka yakan zama ruwa. Ba kullum ba, amma a 'yan shekarun nan abin ya yawaita. Mai Alli tana tsaye a kansa, tafin hannunta kwance a kan yadi, sai ta ji ƙarar kekunan ɗinki goma sha biyu da ke bayanta tana ja da baya, tana ja, har ta koma kamar ruwan sama a kan rufin wata unguwa mai nisa. Shuɗin yadin ya fara motsi a hankali. Can ƙarshen teburin, inda hasken taga yake sauka, sai ga mijinta tsaye, riƙe da bakin yadin da hannu biyu, kamar yadda yakan riƙe mata a da, lokacin da take yanka a ƙasan falo ba ta da mai ja mata. Shekararsa uku da rasuwa. Ba ya cewa komai, ita ma ba ta tambayarsa. Sai wata ta yar da almakashi ko ta yi tari, teburin ya koma katako, ta ga layin da ta fara ja ya tsaya a rabi.

Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Wa za ta faɗa wa, kuma ta ce me?

Mai Alli suke ce mata a gidan ɗinkin, saboda guntun allin da ba ya rabuwa da gefen ɗankwalinta. Shekara ashirin da biyu ita ke yanka musu. Za ta shimfiɗa yadi falle a kan falle har hawa hamsin ko sittin, ta ɗora kwalayen awo, ta zagaye su da alli, sannan ta kunna injin yanka mai wuƙa a tsaye, ya ratsa su gaba ɗaya kamar burodi. Mai ɗinki in ta yi kuskure sai ta warware zare. Mai yanka ba ta da abin warwarewa. Shi ya sa ba ta barin kowa ya raɓi teburinta in tana aiki, ko gaisuwa ce sai dai daga nesa.

Yadi yana da fuska yana da baya. In hannun riga za ta yanka, takan shimfiɗa shi fuska da fuska, falle ɗaya yana kallon sama, na bisansa yana kallon ƙasa, yadda kwali ɗaya zai fitar da hagu da dama a tare, biyu-biyu kamar takalmi. Wannan abu ta san shi tun kafin ta haifi 'yar autarta.

Ranar Laraba ne. Riguna talatin na ma'aikatan wani otel, an yanka jikinsu tun jiya, saura hannuwa, kuma yadin da ya rage daidai hannuwan ne, babu ƙari ko taƙi ɗaya. Ta shimfiɗa, ta zana, teburin ya zama ruwa ya dawo, ta yanka, ta ɗaure su ta miƙa.

Ba a yi minti goma ba ƙawarta ta kira ta, mai keken farko daga taga, wadda aka laƙaba wa Rediyo don bakinta ba ya mutuwa.

"Ƙawata, zo mana."

"Ina zuwa."

"A'a, yanzu za ki zo. So nake ki yi mini kwatancen otel ɗin nan da ma'aikatansa duk hagu biyu gare su. In je in kwana ɗaya, in ga yadda suke zuba shayi."

Masu ɗinki suka kwashe da dariya. Mai Alli ta zo ta ɗauki hannun riga na sama ta juya shi. Ta ɗauki na biyu, ta ɗauki na goma. Kowanne fuskarsa sama take kallo. Dariyar ta riƙa mutuwa keke bayan keke, har ya rage ƙarar fanka kaɗai. Sittin ne cif, duk na hagu.

"Kai, wasa nake," in ji Rediyo a hankali. "Ba wanda ba ya yi."

"Ni ba na yi," in ji Mai Alli. Ta zare allin daga ɗankwalinta ta ajiye a kan keken.

Manajan ɗan mai gidan ɗinkin ne na asali. Ta san shi tun yana rarrafe a ƙarƙashin teburinta yana tara ƙyallaye, har yau kuma Mama yake ce mata. Ya rufe ƙofar ofis, ya ja mata kujera da kansa.

"Mama, yadi ne fa. Za a nemo wani."

"Ba za a samu wannan shuɗin ba, ka sani."

"To a canza duka. Ni ba shi ne damuwata ba. Wata uku ke nan ina ganin kina tsayawa a kan tebur kamar kina sauraren wani abu."

Ta kalli kalandar da ke bayansa. Lambobin suna ninkaya kaɗan-kaɗan.

"Ka nemi mai yanka," ta ce. "Na gama."

"Haba Mama."

"Na gama, ɗana. Gara in fita da ƙafata."

Ya daɗe yana murza biro. Daga ƙarshe ya ce ba zai karɓi maganar ranar ba. Ta je ta huta har ƙarshen wata mai kamawa, mako biyar ke nan, zai ɗauko wani ya riƙe teburin na ɗan lokaci. Amma ranar ƙarshe ta wata sai ta zo ta ba shi amsa, don mutumin ba zai zauna a rataye ba, ko a ɗauke shi ko a sallame shi.

A hanyar gida ta shiga kantin da ke ƙasan benensu sayen sabulu. Iri biyu ne a kan kantar mai kanti, fari da kore. Ta tsaya tana kallonsu. Ba wai ba ta san bambancinsu ba, sai dai zaɓen ne ya yi mata nauyi, kamar an ce ta ɗaga buhu da yatsa ɗaya. Farin ya fi kumfa. Koren ya fi daɗewa. Tana cikin auna wannan sai ta manta wanne ta fara aunawa. Mai kanti ya sallami mutum uku, ya dawo ya ce, "Hajiya, lafiya dai?" Ta ce lafiya, ta fito ba sabulu.

Haka mahaifiyarta ta fara. Gishiri a shayi, takalmi a cikin tukunya, daga baya ta riƙa fita neman wani gida da aka rushe tun da daɗewa. Gigin tsufa, aka ce. Tsohuwar tana da shekara sittin lokacin. Mai Alli hamsin da shida take, amma ai ba a ce sai an cika ba.

Da yamma ta kira Auta, ita kaɗai ta rage mata a gida, yayyenta biyu sun yi aure suna wasu garuruwa. Yarinyar ta zo da littafinta a hannu, yatsa a tsakanin shafi.

"Ajiye littafin. Zauna in faɗa miki wasu abubuwa tun ina iya faɗa."

"Umma, mene ne?"

"Takardun gidan nan suna cikin akwatin keken ɗinki, ƙarƙashin zare. Na ɗaya ke nan. Na biyu, in na kira ki da sunan da ba naki ba, ki amsa kawai, kar ki gyara mini. Na uku..." Ta tsaya. Na ukun yana nan ɗazu, ta gan shi, yanzu ya nutse. Ta jira. Ya taso. "Na uku, kar ku kulle ni a ɗaki yadda muka kulle kakarki. Ku sa mini kujera a bakin taga."

Auta ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi ba tun tana firamare. Da ta gama ta share hanci ta ce gobe asibiti za su, kuma in Umma ta ƙi, za ta kira Yaya Babba ta faɗa mata komai. Mai Alli ba ta da ƙarfin musu. A 'yan shekarun nan duk abin da aka ce mata da ƙarfi, "to" take cewa, don "to" ya fi sauƙin ɗauka.

Likitar mace ce mai ƙaramar murya, tabarau a saman goshi. Ta ba ta kalmomi uku ta riƙe, ta sa ta zana agogo, ta sa ta ƙirga da baya. Da aka dawo kan kalmomin, biyu ta kawo. Ta ukun ta bi ruwa.

"Barci fa?"

"Barci kam ina yi. Awa takwas, wani lokaci tara. Har a bas ina yi."

"In kin tashi da safe, kina jin kin huta?"

Mai Alli ta yi tunani. Ta nemi safiyar da ta tashi ba ciwon kai, ba busasshen baki, ba ta same ta kusa ba.

"Kina minshari?"

"Ni? A'a. Marigayi dai, Allah Ya ji ƙansa, shi ne sarkin minshari. Shekara talatin ina fama."

Likitar ta rubuta wani abu. Sannan ta ɗago, ba uwar ta kalla ba, 'yar ta kalla. Auta ta sunkuyar da kai tana kallon igiyar takalminta kamar yau ta fara ganinta.

"'Yammata?"

Auta ta ƙara sunkuyar da kai.

"Ke, ana miki magana," in ji Mai Alli.

"Likita, Abba ne ya hana."

"Ya hana me?"

"Ya ce kar wanda ya faɗa mata." Da Auta ta fara sai maganar ta ɓalle. "Umma, ba Abba ba ne. Abba ko motsi ba ya yi in yana barci. Ya ce farkon aurenku ya taɓa faɗa miki sau ɗaya, kika yi kuka, kika koma kwana a kujera har kwana huɗu. Sai ya ce miki tsokana ce, shi ne mai yi. Ya tara mu ni da su Yaya ya ce duk wanda ya fasa maganar nan ba shi ba shi."

"Ƙarya kike," in ji Mai Alli, amma a hankali ta faɗa.

"Maƙwabta ma sun sani. Bayan rasuwarsa da mako ɗaya matar ƙasa ta tare ni a bene ta ce, 'Yarinya, ashe dama...' sai ta toshe bakinta da mayafi ta wuce."

Ɗakin likitar ya yi nisa. Mai Alli ta tuna yadda takan farka cikin dare da wutsiyar wata ƙara a kunnenta, zuciyarta tana bugu, ta same shi ido biyu, hannunsa a kafaɗarta yana juya ta gefe. "Yi haƙuri, ni ne. Koma barci." Da safe ta ajiye masa shayi tana cewa, "Jirgin ƙasa, jiya ma ka hana unguwa sakat." Ya yi dariya ya ce a yi masa afuwa, hancin gado ne.

"Ba minsharin ne ya fi ba ni tsoro ba," in ji Auta. "Shirun ne. Sai ki yi shiru ɗif, ba numfashi. Ina ji ta bango, ina ƙirgawa. Wani lokaci sai na kai talatin kafin ki ja iska kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Abba ne yake juya ki da. Yanzu ba kowa."

"Shekara uku kina ƙirgawa," in ji likitar, "ba ki faɗa wa kowa ba?"

"Ya ce kar a faɗa."

Likitar ta sauke tabarau ta goge, ta mayar. Ba ta yi faɗa ba. Ta ba su wata 'yar na'ura su je gida da ita: ɗamara a ƙirji, ɗan matsi a yatsa, siririn tiyo a ƙofar hanci, dare ɗaya kawai.

Bayan kwana uku suka koma. Likitar ta juyo musu da allon kwamfuta, wani zane mai hawa da gangara kamar haƙoran zarto.

"Kowane rami a nan, maƙogwaronki ne ya rufe. In kin yi barci naman wurin yakan saki ya toshe hanyar iska. Iskar da ke cikin jini ta ragu, sai ƙwaƙwalwa ta tashe ki na ɗan daƙiƙa don ki ja numfashi, ki koma, ba ki ma san kin farka ba. Sau arba'in da bakwai a awa ɗaya."

"A dare ɗaya?"

"A awa ɗaya, Hajiya. Kin ce kina barci awa takwas. Kwanciya kike awa takwas. Ƙwaƙwalwar da aka tasa sau ɗari uku da wani abu kafin gari ya waye, ba za ta riƙe kalma uku ba, ba za ta iya zaɓa tsakanin abu biyu ba. Kuma barcin da aka hana ta da dare sai ta sace shi da rana, kina tsaye, ido buɗe."

Mai Alli ta tuna ƙarfe biyu na rana a wurin aiki. Ba ta ce komai ba game da teburin.

"To ba irin na mahaifiyata ba ne?"

"Ba zan rantse miki yau ba. Mu gyara barcin tukuna, bayan wata biyu in sake gwada ki. Mutane da yawa hankalinsu yana washewa, wasu kaɗan-kaɗan, wasu sosai. Kafin nan abu biyu: kar ki taɓa injin yanka, kuma kar ki yanke wata babbar shawara. Wadda za ta yanke shawarar ba ta farka ba tukuna."

"Ƙarshen wata ake jirana."

"To ki ba ni makonnin da suka rage."

Na'urar maganin ba ta fi akwatin burodi ba. Tana da dogon tiyo da abin rufe hanci mai madauri, aikinta ta riƙa hura iska a hankali don hanyar ta zauna a buɗe. Daren farko Mai Alli ta ji kamar ta leƙa kai ta tagar mota mai gudu. Ta fizge ta jefar. Dare na biyu ta kai awa biyu. Na huɗu ta tashi da sawun madauri a kumatu, ido ɗaya ja saboda iskar da ke zurara ta gefe. Auta ta koma asibiti ta canzo ƙarami.

Rediyo ta zo dubiya da lemo a leda, ta tarar da abin rataye a jikin gado.

"Innalillahi! Ƙawata, giwa kika koma ko tuƙin jirgin sama kika fara ba mu sani ba?"

"Rufe mini baki."

"Sa in gani, don Allah. Sau ɗaya."

Ta sa. Rediyo ta yi dariya har ta zame daga bakin gado, Mai Alli ma tana dariya a cikin abin, iska tana fita ta bakinta tana fuu. Da suka natsu ta tambaya, "Ke ma kin sani?"

"Me?"

"Minsharin."

Rediyo ta fara ɓare lemo da himma. "Shekarar da muka yi kwanan aiki saboda rigunan makaranta, kika kwanta a kan yadi. Mai gadi ya shigo da sanda, ya zaci janareta ne ya tashi da kansa. Washegari maigidanki ya zo ya bi mu keke-keke yana roƙo. Bawan Allah. Ni da ba na iya riƙe magana ko ta minti biyar, shekara tara na riƙe wannan. Ki yaba mini."

"Ku duka kun cuce ni."

"Mun cuce ki," in ji Rediyo, ta miƙa mata ɓarin lemo. "Da so ne, amma mun cuce ki."

A kwana na tara abin ya faru. Ta buɗe ido ta ga haske a bangon da ba ta saba ganinsa ba, don tunda ta kwanta ba ta juya ba, ba ta tashi fitsari ba ko sau ɗaya. Ta kwanta tana jiran ciwon kai ya iso kamar yadda ya saba. Bai zo ba. Ta ji cokali yana kewaya kofi a kicin, ta ji wata mota tana ja da baya a titi, ta ji tsuntsu, kowace ƙara da gefenta, kamar an wanke su an shanya. Kuma ta yi mafarki. Cikakken mafarki mai farko da tsakiya, wai tana tafe a wata kasuwa da ake sayar da inuwa kamu-kamu kamar yadi, tana taya wata mai sanyi. Ta manta rabon da ta yi mafarki a kwance.

Abubuwa suka riƙa dawowa ba bisa tsari ba. Lambar wayar ƙanwarta. Sunan wata malamarsu ta ɗinki. Fushi ma ya dawo: ta kira babbar 'yarta ta wanke ta tas a kan shirun shekara da shekaru, har Auta tana murmushi a bayan ƙofa don ta daɗe ba ta ji Umma ta ce "a'a" da ƙarfi haka ba. Ba komai ne ya dawo ba. Har yanzu takan shiga ɗaki ta tsaya tana tambayar kanta me ya kawo ta. Amma yanzu in ta jira, amsar takan zo.

Abu ɗaya ne ya tafi. Ƙarfe biyu na rana ya zama ƙarfe biyu na rana kawai. Ta zauna a falo, ta shimfiɗa wani tsohon yadi a kan tebur, ta ɗora tafin hannu ta jira. Tebur tebur ne. Ƙarshensa ba kowa sai labule. Kwana biyar tana gwadawa. A mafarkin dare ma bai zo ba, sai kasuwanni da jiragen ruwa da mutanen da ba ta sani ba.

Ta san abin da likita ta ce, barci ne ƙwaƙwalwa take sata. Ta yarda. Amma yanzu ne take da maganar da za ta faɗa masa, yanzu da ta san wane ne jirgin ƙasan, kuma yanzu ne aka rufe ƙofar.

Saura kwana shida wata ya ƙare, ta kunna na'urar don Auta ta ji ƙararta ta bango, ta ajiye abin hancin a kan matashi, ta juya masa baya. Washegari ma haka.

Rana ta biyu da azahar hazon ya sauko. Ta gane shi tun daga nesa, nauyin nan a bayan ido, ƙarar titi tana ja da baya. Yadin da ke kan tebur ya fara motsi. Ga shi can tsaye, riƙe da bakin yadin.

Ta buɗe baki. Ta shirya maganar tun kwana biyar, ta jera ta kamar kwalaye a kan yadi: godiya a nan, faɗa a nan, tambaya a ƙarshe. Ta nema ta rasa. Ba ta san da wacce za ta fara ba, kuma zaɓen ya yi nauyi, nauyin nan na sabulu. Ta dube shi sosai, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba shi da fuska sosai, tsayinsa ne kawai da yadda yake karkata kai. Hannuwan ne suka fito sarai, suna riƙe, suna jira ta yi aikinta. A nan inda take iya ganinsa ba ta iya magana, can inda take da magana ba ya zuwa.

"Umma! Umma, tukunya!"

Hayaƙi ya cika falon. Auta ta wuce ta a guje ta kashe wuta, ta buɗe tagogi, ta dawo ta tsaya a kanta tana haki.

"Na ji ki jiya," ta ce. "Na ƙirga. Ashirin da takwas. Ni ba zan ƙara yin shiru ba, ko Abba ne ya dawo ya ce in yi."

Mai Alli ta dubi 'yarta, ta ga ramin da ke ƙarƙashin idanunta. Ashe ba ita kaɗai ba ce ba ta barci a gidan nan.

"Kin yi daidai," ta ce. "Je ki kwanta. Yanzu, da ranar nan. Ni zan kankare tukunyar."

A daren ta wanke abin hancin da ruwan ɗumi, ta gyara madaurin da kanta, ta matse inda yake zurara.

Ranar ƙarshe ta wata ta isa gidan ɗinkin kafin a kunna kekuna. Manajan ya miƙe da ya gan ta.

"Mama, kin yi haske."

"Barci na yi. Zauna ka ji. Ban tafi ba, amma da sharaɗi, kuma ni na kawo sharaɗin, ba kai ba." Ta ɗaga yatsa. "Likita ba ta sake ni ba tukuna, saura mako huɗu ta ƙara gwada ni. Har zuwa lokacin ni zan shimfiɗa in zana, mutumin da ka ɗauko ya riƙe inji. Kar ka sallame shi, na duba yankansa a kwandon can, hannunsa yana da kyau, ɓarnar yadi ce kawai ta yi masa yawa, zan gyara shi. Bayan nan, na'urar tana nuna mini awa nawa na yi kowace safiya. Ranar da ta nuna ban yi barcin kirki ba, zan faɗa da bakina, ba zan yanka ba."

"In kuma gwajin ya nuna wani abu daban?"

"Sai in zo in zauna a kujerar nan mu sake magana. Amma sai na ji daga bakin likita, ba daga bakin tsoro ba."

Ya yi dariya, idonsa ya ɗan kawo ruwa. "Mama, da can in na ce miki sama ƙasa ce, 'to' kike cewa. Har na fara jin daɗi."

"Ka gama jin daɗi."

A kan teburin akwai aikin ranar, yadi mai ratsin fari da toka, irin wanda in ratsin bai haɗu a kafaɗa ba kowa sai ya gani. Ta shimfiɗa shi a nitse, falle arba'in, tana daidaita ratsi a kan ratsi da gefen hannu. Ta jera kwalayen, ta ɗaga biyu ta sauya musu wuri, ta samu aljihu ya shiga wani lungu da sabon mai yankan ya ce ba zai shiga ba. Ta zana. Sannan ta ja da baya ta ɗaga murya.

"Rediyo! Zo ki duba mini."

Kekuna uku suka tsaya lokaci ɗaya.

"Ni? Teburinki? Shekara ashirin ko jakata ban isa in ajiye a nan ba."

"Za ki zo ko in kira wata?"

Rediyo ta taso tana gyara ɗaurin zani, ta zagaya teburin a hankali, hannu a baya kamar mai duba makaranta. Ta ɗaga gefen yadin ta leƙa, ta ƙirga kwalayen da leɓe, ta sake zagayowa don dai a gan ta.

"To, na duba. Ba laifi, yarinyar tana ƙoƙari. A ɗauke ta aiki."

Mai Alli ta matsa gefe, ta yi wa sabon mai yankan alama da kai.

"Bismillah. Fara daga kafaɗa, kuma kar ka yi sauri, ina kallonka."